Ruwan Jegon Basira

Dogon Dutsi, 10 ga Maris

Zuwa ga ƙanena Is'haƙa,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka koma Yamai lafiya bayan suna. Matarka Basira da jaririya suna nan lau, yarinyar sai ci sai barci, irin ubanta.

Inna ce ta sa ni kawo ƙararka. Da ta zo daga Kiyeshe don wankan jego, ta yi murna da tankin da ka ɗora a kan ɗaki, rana tana dafa ruwa ba a ƙona ice ko ɗaya. Amma duk yadda ta murɗa mariƙin dush ɗin, wato famfon wanka, sai ya cije a ɗumi. Ta ce: "Wanga ruwan alwala na, ba na jego ba. Mu da munka yi namu, sai da hwata tay yi ja." Ka faɗi yadda ake buɗe shi, in ba haka ba wai za ta hura wuta a tsakar gida. Ka dai san uwarka.

Ka huta lafiya. Yayarka, Ruƙayya

Yamai, 14 ga Maris

Yaya Ruƙayya,

Wa alaikumus salam, da gaisuwa mai yawa gare ki da Inna. Da gangan na sa ya cije. A ƙarƙashin mariƙin akwai ɗan zobe mai haƙora. Tun Janairu na saki ruwa, na sa ma'aunin zafi, na tsai da zoben a digiri arba'in. Ruwan tankin yana kai saba'in, ya isa ya saɓule fata. Aiki aka yi wa Basira wajen haihuwa, kuma likita ya ce kada ruwa mai zafi ya taɓa ɗinkin. Ki lallashi Inna don Allah. Shekara goma sha biyu ina aikin famfo, kada kowa ya taɓa min zobe.

Allah ya bar zumunci. Is'haƙa

Dogon Dutsi, 2 ga Afrilu

Mai shekara goma sha biyu,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya, ka kwantar da hankalinka kafin ka karanta.

Zafi ya shigo sosai. Jiya bayan azahar Basira za ta yi wanka, Inna ta fara tara gwiwar hannunta yadda take yi kullum, sai ta janye da sauri ta rufe ruwan. Zobenka yana inda ka bar shi, amma bututun ruwan sanyin da ka bi da shi ta bango ya sha rana, babu sanyin da zai sirka.

Na ɗauka Inna ta samu abin da take so. Sai ga ta ta aika an kira abokin aikinka Ma'azu. Ya cire mariƙin, yana matsar da zoben haƙori ɗai-ɗai, ita tana tara hannu, har ta ce ya isa. Da ya auna, talatin da takwas ne.

Na tsokane ta, na ce ina fatar da za ta yi ja? Sai ta sassauta zane ta nuna min ƙugunta. Tabon ƙuna ne har cinya, ban taɓa ganinsa ba. Ta ce: "Jegon Is'haƙa na. Bakina na hwaɗin abin da anka saba, amma ba ni bari ɗiyar mutane ta kwashi wanga." Ba zan ɓoye maka ba, na yi kuka.

Basira tana gaishe ka, ɗinkinta ya warke sarai.

Yayarka, Ruƙayya

Yamai, 5 ga Afrilu

Yaya,

Salam. Kuskurena ne, na auna a lokacin sanyi na manta da zafin garinmu. Ku bar zoben inda Inna ta tsai da shi. Ina tafe ranar arba'in, zan lulluɓe bututun.

Shekara talatin da biyar tana ɗauke da tabon nan saboda ni, ba ta taɓa yi min gori ba. Kada ki ce mata na sani, kunya za ta ji. Ki dai gaishe ta, ki ce ɗanta ya gode da ta auna wa matarsa ruwa.

Ƙanenki, Is'haƙa