Abin da Kwamfutar Baba Take Jira

Zuwa ga Yayana Dogo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa da ta daɗe ba ta ga yayanta ba, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a aikinka. Mu nan ƙalau muke. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma leƙo mu a kicin tana gyara mana girkin da ba ta ɗanɗana ba.

Maganar kwamfutar Baba ce ta sa na ɗauki biro, don na san a waya ba zan iya kai ta ƙarshe ba. Ka san tun rasuwarsa Baffa ke riƙe da shagon buga takardu, ni kuma ina zama da safe. Tsohuwar kwamfutar tana nan kan teburin jikin taga, da manhajar Linux ɗin da ka saka mata kafin ka tafi, lokacin da Baba yake ta mita wai ka sauya masa duniya. Haruffan madannanta sun goge, shatin kofinsa ma yana nan a gefe. Amma nawarta wajen tashi ta ishi Baffa. In wuta ta ɗauke ta dawo, sai mai takarda ya yi ta tsayuwa, wani ya gaji ya tsallaka shagon gaba. Ka tuna yadda Baba ke kunna ta, ya share ƙofar shago, ya gaisa da tela, ya dawo ya tarar tana miƙa? Shi ko a jikinsa. Baffa kuwa ya kawo sabuwa, ya ce ranar Asabar mai sayen tsofaffin kaya zai ɗauke tsohuwar.

Na roƙe shi ya bar ni in gwada. Na jera su biyun, na danna su tare. Tasa ta buɗe har na fara aiki, tamu ko alama. Kunya ta kama ni kamar ni aka kayar. Sai na bi abin da ka koya mini: na kashe abubuwan da ke tashi tare da ita ba gaira ba dalili, na rage jiran da take yi a shafin farko, na hure ƙurar cikinta. Ta ɗan ƙara sauri, amma ba abin a zo a gani ba.

Daga nan na cire hoton da ke rufe allo lokacin tashi, don in ga rubutun da ke gudu a bayansa. Rubutu ya yi ta zuba, can sai ya tsaya cak a layi guda. Yaya, sunanka ne a wurin. Ashe lokacin da kake zama a ɗakin bayan shago ka haɗa ta da taka don ku riƙa tura wa juna aiki, ka sa wa taka suna Dogo. Ka tafi da abarka, ita kuwa ba wanda ya gaya mata. Duk tashin da za ta yi sai ta nemi Dogo, ta jira iya lokacin da aka ɗebar mata, sannan ta haƙura ta ci gaba.

Na koma gida ina ba Mama labari ina dariya, ina cewa sai na ja maka kunne. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce ai Baba ya sani. Tun shekarar da ka tafi mai gyara ya nuna masa, ya ce layi ɗaya ne, yanzu zai cire. Baba ya riƙe masa hannu ya ce, "Bar shi. In yaron ya dawo, ya tarar da wurinsa."

Na daɗe ina juya abin a raina. In na bar layin, Asabar za a ɗauke ta. In na cire, na taɓa abin da Baba ya hana. Na tambayi Mama, ta ce in yi duk abin da zai bar ta a shagon. Jiya na cire. Na sake jera su a gaban Baffa, kusan tare suka buɗe. Ya daɗe yana kallonta, ya ce to shi ke nan, ta zauna. Ban ji daɗin nasarar ba ko kaɗan, sai da na shiga ɗakin baya na sha kukana.

Baffa yana gaishe ka, haka ma Gwaggo da tela, wanda har yanzu yake tambaya ko ka daina ƙara tsawo. Ka gaishe mini da Anti, ka shafa mini kan yara. Kwamfutar dai ta daina jiranka, Yaya. Mama ba ta daina ba, kuma ita ba ni da layin da zan cire mata. Don Allah ka zo.

Taka har kullum,
Auta