Notin da Barmo bai ɗaure ba

Lahadi, 8 ga Yuni
Barmo ya zo Salla daga Yamai. Ƙanena, ni na koya masa riƙon sifana, amma yau shi ne «mai gyaran jirgin sama». Baba ya yi ta yawo da shi cikin Madawa kamar sabon rago. Ni shekara sha tara ina garejin nan, ko sannu. Haushi nake ji, ba zan ɓoye wa takarda ba.

Litinin, 9 ga Yuni
Ya kwance moton Baba, tsohon babur ɗin nan, gaban mutane, wai zai duba. Ana ta yabonsa, ana masa hira. Bayan sun watse na bi da hannu, yadda Baba ya koya mana: wanda ya ɗaure daban, wanda ya taɓa daban. Notin murfin sarƙa sako-sako! Halinsa tun yana yaro, in ana masa hira sai ya manta na ƙarshe. Na ɗaure. Ban gaya masa ba. Babban injiniya ai ba ya son gyara.

Laraba, 11 ga Yuni
Ya koma. Har matata Cima tana cewa turarensa da ƙamshi. To madalla.

Alhamis, 3 ga Yuli
Baba ya shigo gareji hula a hannu. Wani jirgi ya tashi bayan gyara, murfin injinsa ya ɓalle a sama, ya faɗa gonar mutane. Jirgin ya juyo ya sauka, ba wanda ya mutu. Barmo ne ya rufe murfin, abokin aikinsa ya sa hannu a takarda bai taɓa murfin ba. An dakatar da su.
Abin da na fara ji a raina, Allah Ka yafe mini.

Asabar, 5 ga Yuli
Mutum saba'in da biyu ne a cikin jirgin. Tuwo ya ƙi shiga.

Talata, 15 ga Yuli
Sun kore shi. Ya dawo da jaka ɗaya, ba turare. Baba ya dube ni ya ce, «Da kana bayansa, da hakan bai faru ba.» Shekara sha tara ina jiran magana irin wannan. Ta zo, ba daɗi. Ina bayansa ranar Litinin ɗin Salla. Na gani, na yi shiru.

Asabar, 26 ga Yuli
Tun Laraba yake zuwa gareji, ba ya ɗaga kai. Yau ya haɗa moton wani ɗan kabu-kabu na Azarori, mutumin sai zuba yake masa. Na bi da hannu. Notin ƙarshe sako-sako, kamar kullum.
Na ɗauki sifana, sai na ajiye. Na ce, «Barmo, zo ka taɓa nan.»
Ya taɓa. Ya daɗe a tsugune. Ya ce, «Yaya, tun yaushe kake bina?»
Na ce tun kana yaro.
Bai yi fushi ba. Gara ma ya yi.