Baba Ya Miƙa Makullin Pit-a

Tainan, 9 ga Satumba

Zuwa ga ƙanina Bun-liong,

Gaisuwa mai tarin yawa daga gida, tare da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Siu-eng da 'yarku Ka-un. Ina roƙon Ubangiji Ya tsare ku a ƙasar mutane, Ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali, Ya sa sanyin Dresden na bana ya zo muku da sauƙi. Mu nan duk muna lafiya. Guguwar makon jiya ta kauce mana, ruwa kawai muka sha kwana uku, rufin kicin ya ɗan yi yoyo, maigidana Chin-hoat ya hau ya gyara. Mama tana nan yadda ka san ta, gwiwa tana damun ta amma baki garau. Baba kuwa jiki alhamdu, sauƙi yana ta samuwa tun shanyewar ɓarin jikin da ta same shi a watan Yuni. Maganarsa ta dawo daidai, yana takawa har bakin titi da sanda. Hannun dama ne dai har yanzu bai saki ba. Yana riƙe cokali, amma tsinken cin abinci ya gagare shi, kuma abin yana ci masa rai fiye da yadda yake nunawa.

Na zaɓi in rubuto maka a takarda ne don na san halinka a waya, kafin in kai tsakiyar magana ka riga ka ba ni amsar ƙarshenta. Wannan karon ina so ka karanta har ƙasa kafin ka yanke hukunci. Maganar Pit-a ce, manhajar nan da Baba ya rubuta tun kana sakandare don mutane su iya rubuta Taigi, harshenmu na gida, da haruffan boko irin na coci da alamominsu na sama. Ka tuna yadda Mama take kiran ta 'yar autar gidan, tana cewa mu biyu mun girma mun kama gabanmu, ita kuwa shekara ashirin da uku ana yi mata raino. Ka tuna kuma tun ranar farko ya sake ta a buɗe, kowa ya ɗauka, kowa ya leƙa cikinta, wanda ya iya ya gyara. To, a watan Yuli, Baba yana kwance, aka yi wa kwamfutoci wata sabuntawa da ta sa Pit-a ta daina aiki. Ka danna harafi, alamar sama ta ƙi fitowa, ko ta faɗa kan harafin da ke gaba.

Ni kaina ban san yawan mutanen da suka dogara da ita ba sai a lokacin. Sakataren coci ya koma rubuta takardar ranar Lahadi ba alama, sannan ya bi da biro yana ɗiga su ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa daga Pingtung da ke rubuta labarin rayuwarta don jikoki ta bugo wayar gida har sau uku. Saƙonni suka taru a shafin manhajar, ni nake karanta wa Baba su bayan karin kumallo. Yawancinsu addu'a ne da roƙo cikin ladabi, amma akwai wani da ya rubuta cewa idan mai manhajar ya mutu a sanar, mutane su nemi wata. Na so in tsallake shi, Baba ya ce in karanta, ai ya ga fuskata ta canza. Da na karanta sai ya ce mutumin bai yi ƙarya ba, rashin kunya kawai ya yi. Kwana da kwanaki yana zama gaban kwamfuta yana danna madannai da yatsa ɗaya na hagu. Ya san inda matsalar take, kansa ya riga ya gyara ta, hannu ne ya ƙi. Wata rana na shigo na tarar ya kife madannan a kan tebur, yana kallon bango.

A cikin wannan hali ne Baffa Thian-su, abokinsa na makaranta, ya zo duba shi da ledar mangwaro. Ka san shi da bin labarin fasaha kamar mai bin wasan ƙwallo. Bai ko zauna ba ya fara, wai "Kai tsoho, har yanzu da hannu kake rubuta manhaja? Duniya ta wuce nan! Ka gaya wa ƙirƙirarriyar basira abin da kake so, kafin shayinka ya huce ta gama." Baba ya ce masa duk wata sai Thian-su ya zo da labarin duniya ta canza, amma firintar coci tun zamanin tsohon fasto take cin takarda, ba wata basira da ta hana ta. Suka yi ta musu har Mama ta ce su gwada mana, ko kunnenta ya huta. Suka gwada a wayar Baffa. Gaskiya abin ya ba ni mamaki, nan take ta zubo rubutu shafi guda, har da bayani cikin ladabi. Baba ya sa tabarau ya bi shi a hankali, ya ce rabinsa daidai ne, kuma tsaf, ya fi na wasu ɗalibansa na da. Amma da aka jarraba, sai ga shi tana musanya alamomi biyu, waɗanda suka raba kalmar saye da kalmar sayarwa. Baba ya yi dariyar da ban ji ya yi ba tun kafin ciwon, ya ce wa Baffa ya ɗauke ta aiki a shagonsa, kafin shayi ya huce ta sayar da shi da shagon. Baffa ya ce ai kuskure ɗaya ne. Baba ya ce ba kuskuren ne ya dame shi ba, shi ma yana yi, abin da ya dame shi shi ne ba ta ji kunya ba, kuma gobe idan tsohuwar Pingtung ta bugo waya ba ita za ta ɗauka ba.

Ni dai ka san ilimina a nan bai wuce na kantin magani ba. Na'urar da muke aiki da ita a kanti idan ta tsaya, sai mu zauna jiran mutumin kamfani, ba wanda ya isa ya buɗe ta, ko da kuwa ya iya. Da can ina ganin abin Baba wahalar da kai ce, ka yi aiki ka zuba a hanya kowa ya ɗiba. Yanzu ra'ayina ya ɗan sauya, kuma ga dalili.

A makon da saƙonka ya iso, wanda ka ce za ka karɓi Pit-a ka ci gaba da kula da ita a ranakun hutunka, Baba ya sa na karanta masa shi sau biyu. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce in ajiye masa shi a inda ba zai ɓata ba. Amma bai ce in ba ka amsa ba, ni kuma ban matsa ba. Kwana huɗu bayan haka wani saƙo ya shigo daga Malama Lisin. Ban sani ba ko ka taɓa lura da sunanta a shafin. Malamar firamare ce a Hualien, 'yar ƙabilar Amis. Shekara takwas da suka wuce ta ɗauki Pit-a ta juya ta don yaran ajinta su rubuta nasu harshen. A lokacin Baba ya yi ta huci a gida, wai an ɗauki 'yarsa an sa mata kayan wani gida, sai da Mama ta tuna masa cewa shi da hannunsa ya rubuta kowa ya ɗauka. Tun daga nan take turo masa gyare-gyare, shi kuma yana mayar mata da su saboda abubuwan da ba su taka kara sun karya ba, tazara ta yi yawa nan, suna bai yi masa daɗi ba can. Ba ta taɓa fushi ta daina ba. To ita ce ta zauna tsakanin darasi da darasi, kwana tara, ta gyara matsalar baki ɗaya, ta turo da ɗan rubutu cewa kamar kullum, Malam ya nuna mata inda ta yi kuskure. Baba ya yi wuni biyu yana nema. Bai samu ba. A rana ta uku ya ce in rubuta mata, idan tana da hali ta zo Tainan.

Ta zo ranar Asabar a jirgin ƙasa, ta zagayo ta kudu, da ƙullin shinkafa mai danƙo da naman gishiri irin nasu. Mace ce gajeriya, mai kusan shekara hamsin, muryarta ta cika falo kafin ita ta shigo. Shekara takwas suna rubutu ba su taɓa ganin juna ba. Ta tsaya ta ƙare masa kallo ta ce, "Malam, ashe kai ne ka mayar mini da aiki sau goma sha ɗaya saboda waƙafi? Ni na zaci wani ƙato ne mai gemu!" Mama ta tafa hannu ta ce ai ita shekara arba'in da bakwai ake mayar mata da miya saboda gishiri, su zauna su yi wa juna jaje. Baba ya yi murmushi. Muka ci abinci, suka koma gaban kwamfuta, nan ya gaya mata yana so ta karɓi makullin, wato ikon amincewa da kowane gyara da fitar da sabuwar Pit-a.

Ba ta karɓa nan take ba. Ta ce tana da sharaɗi, ba za ta riƙe ita kaɗai ba, za ta haɗa da wasu mutum biyu da suka daɗe suna taimakawa, wani tsohon ma'aikacin maɗaba'a a Chiayi da wata mata mai fassara a Kaohsiung. Baba ya ɓata rai, ya ce hannu da yawa sai su hargitsa masa tsari. Ta dube shi ba ko shakka ta ce ranar da hannunsa ɗaya ya tsaya, mutum dubu nawa suka tsaya tare da shi? Ita ma mutum ce, kuma titin da take bi zuwa makaranta a gefen dutse yake. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce wannan kuskuren nasa ne, kuma ya fi na waƙafi girma. Ya juya ga kwamfutar, ya hana ni taimaka masa. Da yatsansa na hagu ya shigar da kalmar sirri, ya yi kuskure sau biyu, a na uku ta buɗe, ya sa sunanta. Mama ta tashi ta shige kicin, ta daɗe tana wanke kofunan da na riga na wanke.

Bayan mun raka ta tasha, ina tuƙa mu gida, na tambaye shi abin da na san kai ma za ka tambaya. Na ce ɗansa na cikinsa, wanda wannan aikin shi ne sana'arsa, ya miƙo hannu, ya aka yi ya ba baƙuwa? Ya ce ya san ka fi ta iya aikin nesa ba kusa ba, abin da ya ɗauke ta kwana tara kai wuni guda ya ishe ka. Amma ya ce yaushe rabon da ka rubuta ko layi ɗaya da Taigi? Ita kullum da safe sai ta buɗe manhajar, idan ta lalace ajinta ne ya tsaya. Kai kuwa don shi za ka yi, ba don Pit-a ba. Kuma ranar da ba ya nan, za ka riƙe ta ne kamar yadda ake share kabari, kowace Asabar, kana gajiya kana jin nauyin bari, Ka-un tana jiran ka fito ku je wasa. Ya ce ranakun Asabar ɗinmu nawa ya cinye a gaban wannan kwamfutar muna yara, ya sani, bai manta ba, ba zai ci na jikarsa ma ba. Ban taɓa jin ya faɗi haka ba, Bun-liong. Sai da na tsaya a gefen titi na ɗan jima kafin na iya ci gaba da tuƙi.

Don haka kada ka ɗauka an ƙi ka. Ya ce ƙofa a buɗe take kamar yadda take ga kowa, idan ka ga abin gyara ka tura wa Malama Lisin, ka bi layi. Shi ma yanzu layin yake bi. Shekaranjiya ya tura mata gyaransa na farko a matsayin mai amfani kawai, ta mayar masa da shi, wai ya buɗe alamar baka a rubutun ya manta bai rufe ba. Ya duba, gaskiyarta. Mama ta ba duk unguwa labari kafin azahar.

Na ce masa ya kira ka ya gaya maka duk wannan da bakinsa, ya ce idan ya ji muryarka ba zai iya ba. Sai ya zauna jiya da hantsi ya rubuta maka layi biyu da Pit-a, da hannun hagu, ya hana kowa leƙawa sai da ya gama. Na buga su a takarda na sa a cikin ambulan ɗin nan. Idan karatun ya yi maka wuya, ga abin da suka ce: "Manhaja ta sami mai riƙe ta. Ni ne ban samu ba, ka kawo mini Ka-un a Sabuwar Shekara in koya mata sunanta da harshen kakanta."

Ka gaida Siu-eng da kyau, ka ce mata Mama ta gode da safar gwiwa, tana sa ta kullum. Ka shafa mini kan Ka-un. Mama tana gaishe ku, Chin-hoat yana gaishe ku, Baffa Thian-su da matarsa Inna Giok-lan ma sun ce a gaishe ka. Ka ba Baba amsa da kanka, ko da alamomin duk sun karkace, zai gyara maka su da murna.

Ubangiji Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka,
Siok-hui