Ƙahon Hagu

Hosnan,

Na tafi kasuwar Pamekasan, ban tashe ka ba. Shinkafa da kifi suna cikin tukunya.

Jiya da ka nuna mini bijimin tambarin sambal ɗinmu, miyar barkonon da muke sayarwa, a kwamfuta na yi shiru, ka ɗauka na yarda. Na ji bayaninka. Ka bi zanen babanka layi-layi, ka share datti, yanzu ko girman bango aka buga shi ba zai dusashe ba. Madalla. Amma ka kwafi ƙahon dama ka juya shi ka manna a hagu, a gurbin guntun, har kana dariya: "Emak, hannun tsoho ne ya goce, ko biro ne ya ƙare masa?"

Hannunsa bai goce ba. Bijiminmu ne, a filin tseren shanu ya karya ƙahon. Mahauta suka zo har ƙofar gida, babanka ya kore su, ya zauna ya zana shi yadda yake a bayan kwalin taba. Lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba, da guntun ƙahon nan nake gane kwalabenmu a shagunan mutane. Tsofaffin masu sayenmu har yau shi suke dubawa.

Kada ka kai wa Pak Sahri mai ɗab'i ya buga sai ka mayar da ƙahon guntu. Idan kwamfutarka ba ta iya zana karyayyen abu ba, ka bar kwalaben tsirara, haka zan sayar da su.

Emak