Ƙahon Fuska ta Uku

Lahadi, 8 ga Maris, 2009

Shekara shida ke nan da Tsohuwa Ty, mai shayin bakin lungunmu, ta ce mini wai kunnen Yaya Khiem ya mutu. Na ce mata ta ji da butarta. Mutumin da duk Lahadi muke zama muna jin faifai, ya ɗaga yatsa daidai inda ƙaho zai shigo, bai taɓa kuskure ba, shi ne kurma? Daga baya mai aski ma ya faɗa. Shi kuwa mai aski ba abin da ba ya faɗa.

Ranar Talata Yaya Khiem ya rasu. Yau na goge garmaho, na dafa shayi, na fito da kofi biyu. Na mayar da ɗaya.

Laraba, 11 ga Maris

Bari in rubuta zancen faifan kafin in fara mantuwa. A Masko muka saye shi, 1974, muna karatun injin ban ruwa. Dogon kiɗa ne na wani Bature da ya daɗe da mutuwa, makaɗa sun fi ɗari. Faifai biyu a kwali ɗaya, an buga su a karkace: fuska ta ɗaya da ta huɗu a jikin guda, ta biyu da ta uku a jikin ɗayan. A jirgin ƙasa muna dawowa Hanoi ya raba. Ya ce, "Doan, ɗauki kai da ƙafa, ni in riƙe ciki. Sai in ga wanda zai guje wa wani."

Shekarun yunwa da ake bin layin shinkafa, mutane sun sayar da keke, sun sayar da bargo. Mu ba wanda ya sayar da nasa. Wa ma zai sayi rabin kiɗa?

Lahadi, 22 ga Maris

Yayyafi kwana tara. Bango na gumi, tabarma na wari.

Na gwada ni kaɗai. Fuska ta ɗaya tana nan yadda na san ta: ganguna daga nesa, gogaye suna ta hawa kamar ruwan Jan Kogi a damina, sai su tsaya a kan tambaya. Na juya faifan, sai ga ta huɗu, mai lallashi, mai yin ƙasa-ƙasa har sai ƙarar allura kawai ta rage. Lallashin me, tunda ba a yi kukan ba? Kukan yana gidan Khiem. Kakata idan gyangyaɗi ya kama ta haka take mana tatsuniya, daga "wani sarki ne" sai "suka binne shi".

Asabar, 4 ga Afrilu

Na je gaida Yaya Nhan, matarsa. Na kunna turare gaban hotonsa. Faifansa na nan kan teburin hoton, tsakanin ayaba da kofin giyar shinkafa.

Ta ce ranar cika kwana arba'in da tara da rasuwarsa za ta ƙona shi tare da kayan takarda da ake aika wa mamaci ta wuta, ya tafi da abinsa. Ɗansu Tuyen ya ce, "Mama, roba ce fa, unguwa za ki kora da hayaƙi. Baffa Doan, ɗauka kawai. Baba ai ya daɗe ba ya jin sa."

Hannuna har ya miƙa. Na dawo da shi.

Na ce, "Wa ya ce maka ba ya ji?"

"Baffa, a gidan nan nake. Sai ka tsaya gabansa ya ga bakinka."

"To ni shekara nawa muna hira?"

Yaya Nhan ta ce, "Hira? Kai ke zuba, shi yana gyaɗa kai. Tun kuna samari haka kuke, wane bambanci za ka gani?"

Ban yi dariya ba, su suka yi. Ta ce ai shi ya sa za ta aika masa: can an buɗe masa kunne.

Lahadi, 5 ga Afrilu

Ina son faifan nan. In na karɓa a kan maganar Tuyen, na yarda ke nan mutum ya zauna kusa da ni shekara shida cikin shiru, ni ina lumshe ido ina jin daɗi. Ban yarda ba.

Alhamis, 9 ga Afrilu

Na raka Tuyen layin masu kayan takarda. Gida, riga, keke, har da garmaho mai murfi, an yi shi tsaf. Na tambayi mai yin ko zai iya faifai, don a bar mini na gaskiyar. Ya ce minti goma. Na ce, "Kiɗan fa, zai fito a can?"

Ya ce, "Kaka, ni almakashi gare ni, ba goge ba."

Na kai wa Yaya Nhan shawarar duk da haka. Ta ce, "Mijina za ka yi wa wayo yana kwance?"

Lahadi, 19 ga Afrilu

Gobe ne ranar ƙonawa. Na roƙi Yaya Nhan a bar ni in ji kiɗan cikakke sau ɗaya. Tuyen ya ɗauko garmahona a bayan babur, muka ajiye gaban hoton, da hantsi.

Fuska ta ɗaya ta ƙare. Na miƙa hannu ga faifansa, sai na tuna ban taɓa zaro shi da kaina ba. Kullum shi yake zarowa ya miƙo mini, ya kife rigar takardar da ake zura faifan ciki a cinyarsa. Na ɗauka tsabta ce irin tasa.

A bayan rigar akwai rubutu da fensir, ƙanana, irin na zanen injin da aka koya mana.

"Ta ɗaya: idan Doan ya fara buga gwiwa, gyaɗa kai.
Ta biyu: zai yi murmushi wajen rawa. Yi kai ma.
Ta uku: zai ajiye kofi, ya cire tabarau. Ƙirga uku. Yatsa.
Ta huɗu: kada ka motsa sai ya sauke numfashi."

A ƙasa an ƙara, da wani fensir mai kauri: "Ya fara cirewa da wuri. Ƙirga biyar."

Yaya Nhan ta ce mene ne. Na ce lissafin injin ne.

Na sa ta biyu, na sa ta uku. Gogaye suka yi ta sauka, ɗaya bayan ɗaya, har ɗakin ya zama kamar rijiya. Na ce a raina yau ba zan taɓa komai ba. Sai ga tabarau a hannuna. Na ƙirga. A kan biyar ƙahon ya shigo, shi kaɗai, daga can nesa, kamar mai kiran kwale-kwale daga wancan ƙetare, ya san ba za a zo ba amma yana kira. Ban san ko na taɓa jin sa sosai kafin yau ba. Da, ina jin sa ne ina jiran yatsan.

Ta huɗu ta yi lallashinta. Wannan karon da dalili.

Litinin, 20 ga Afrilu

An yi addu'a, an ci kaza da shinkafa mai danƙo. Da azahar aka kai kaya tsakar gida, cikin tanderun ƙarfe. Gidan takarda ya tafi, keke ya tafi, garmahon takarda ya tafi. Yaya Nhan ta ɗauko faifan.

Na ce ta ba ni rigar, takarda ce kawai, ba zai neme ta ba. Ta dube ni ta daɗe, ta ba ni.

Sannan na zaro nawa daga jaka. Tuyen ya ce, "Baffa, me kake yi?" Na ce mutum ya yi shekara shida yana jira, ba za a aika masa ciki ba kai ba ƙafa ba. Ba wai na yarda ana ji a can ba ne. Injiniya ne ni.

Sun nannaɗe kamar ganyen kabeji. Warin kuwa, Tuyen ya yi gaskiya, har maƙwabciya ta leƙo ta taga ta ce wa ke ƙona taya.

Lahadi, 26 ga Afrilu

Rana ta fito, bango ya bushe. Garmaho na kan kabad, na rufe shi da zane.

Na sauka wajen Tsohuwa Ty na sha shayi. Ta yi ta ba ni labarin ciwon gwiwarta da surukarta, na bar ta har ta kai ƙarshe. Ta ce, "Doan, lafiya kake? Yau ba ka katse ni ba."

Na ce mata maganar nan da ta faɗa tuntuni, ta kunnen Khiem, na sake jin ta. Ta ce ai ta gaya mini, wa kuma ya faɗa yanzu, mai aski?

Na ce a'a. Khiem ne.