Hawa na Shida

Litinin, 3 ga Maris
Asibitin da ke amfani da manhajarmu sun kira. Hotunan gwajin majinyata na wata huɗu sun ɓace. Ba wanda ya ci abincin rana a ofis.

Talata, 4 ga Maris
An gano matsalar. Manhajar tana jera fayiloli kamar bishiya, reshe cikin reshe. Dogo, wanda ya rubuta sashen, ya yanke cewa zurfin ba zai wuce hawa biyar ba. Na asibitin ya kai shida, sai ta dinga rubutu a kan abin da aka riga aka ajiye. Oga ya ce da Dogo ya je gida tukuna. Ya bar kofinsa a kan tebur.

Alhamis, 6 ga Maris
Ni aka ba lissafin da rahoton. Dogo ya ɗauka kowane reshe zai ci suna ɗari biyu. Haka ne, in sunayen gajeru ne. Su kuwa asibiti sunan majinyaci, kwanan wata, irin gwaji, duk a sunan fayil. Da kyar reshe ke cin goma sha biyu. Lissafin minti goma ne a bayan ambulan ɗin wasiƙa.
A rubutun manhajar, kusa da biyar ɗin, ya sa: "ya isa." Ba bayani.

Juma'a, 7 ga Maris
Na buɗe tarihin bitar sashen Dogo, shekara uku baya. Mai dubawa: ni. "Lafiya lau, a wuce." Minti huɗu tsakanin turowa da sa hannuna.
Oga bai buɗe wannan shafin ba. Ba zai buɗe ba.

Lahadi, 9 ga Maris
Uwargida ta ce, "Abban yara, tun jiya kake juya cokali." Na ce ciwon kai ne.
Dogo ya kira. Wai wata mata za a sake yi wa gwajin ƙirji, an ɗage tiyatarta. "Yallaɓai, ka rubuta gaskiya kawai, ni na sa biyar ɗin." Bai ambaci sa hannuna ba. Ya sani sarai.

Laraba, 12 ga Maris
Na miƙa rahoton. Iyaka yanzu hawa tara, lissafin a rubuce layi-layi, kuma in an kai can manhajar ta tsaya ta yi gargaɗi.
Shafi na uku akwai layin "wanda ya duba," da sunana a kai. Sau biyu na goge shi. Don cika takarda ne kawai na mayar.
Oga yana nemana ƙarfe goma.