Sifirin ɗin Baba

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025
Yaya Hure ta yanke: in a-kori-kurar marigayi Baba ba ta ɗauko albasar mijinta daga Augie ba ran sha shida ga wata, 'yan gwangwan za ta kira su kwashe ta. Ita ce babba, kowa ya bi bayanta. Na ce a ba ni kwanakin. Shekara tara ina kanikanci, motar ubana ta gagare ni? Haba.

Laraba, 5 ga wata
Na samo kamshaf, sandar nan mai tozo da ke buɗe bawul ɗin inji, wurin Oga Wale mai sayar da kayan mota. Tozonsa ya fi na da tsawo, zai buɗe bawul sosai, inji ya sha iska. Wale ya turo min kwalin sabbin sifirin masu rufe bawul, wai tare suke tafiya da kamshaf ɗin, tsofaffin ba za su iya maido da bawul da sauri ba in inji ya ɗau wuta. Na mayar mishi da abinsa. Na cikin motar Baba ya sa su da hannunsa, kuma na danna kowanne da tafin hannu yadda ya koya min, duk suna da ƙarfinsu.
Ya ce, "Ɗantsoho, hannunka ba sikeli ba ne." Bayarabe da baki!

Juma'a, 7 ga wata
Mota ta tashi bugu ɗaya. A ce wa Wale ya zo ya gani mana.

Litinin, 10 ga wata
Kunya. Na hau hanyar Argungu gwaji, munka wuce Zauro lafiya lau, na taka totur, sai injin ya fara ɓarin baki kamar ana zuba tsakuwa a gwangwani, ya mutu. Bawul biyu sun daki fistin sun lanƙwashe. Motar buhunan shinkafa ta jawo ni gari da igiya, kuma ta gaban shagon Wale anka bi da ni. Kallona kawai ya yi, da ma zagina ya yi.
Ban ci abinci ba. Ba zan bari ba, wallahi.

Talata, 11 ga wata
Na ari sikelin Kulu mai awon shinkafa. Na ɗora kowane sifiri, na matse shi daidai tsawon da yake zama cikin inji, ina kallon allura. Takwas ne, babu biyu da sunka zo ɗaya. Uku sun mutu murus. A tafin hannuna kuwa duk ɗaya nake jin su. Na daɗe zaune.

Alhamis, 13 ga wata
Na koma wurin Wale ta ƙofar baya. Kwalin na nan inda ya aje, bai sayar ba. Da kansa ya zo gareji munka auna sabbin sifirin, munka sa su tare da sabbin bawul, munka juya injin da hannu ya tabbatar sifirin ba ya haɗewa in tozon ya danne shi.

Lahadi, 16 ga wata
Buhu goma sha biyu daga Augie, Yaya Hure a gaba tana riƙe da ƙofa. Bayan Argungu na taka, motar ta amsa. Mota ta tsira, Yaya Hure ta faɗa da bakinta. Can ta kasa kunne ta ce, "Amma wannan ba kukan motar Baba ba ne."
Gaskiyarta. Na jira raina ya ɓaci har munka shigo Birnin Kebbi, bai ɓaci ba. Na ƙara mata giya.